Rasuwar 'Yar Azurfa, Kyamara Mai Kafar Leƙe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a rufe saboda sabo, Auta ta shagon buga takardu, wadda mutanen layi suka fi sani da Ido Ɗaya, take sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarfe gaban farin ƙyalle aka ce masa ya ɗaga haɓa, rasuwar abokiyar aikinta 'Yar Azurfa, ƙaramar kyamarar nan da ba ta wuce tafin hannu ba. Ta cika da hantsi, a bakin aiki, tana tsakiyar buɗe ido. Ta yi doguwar jinya, amma ko sau ɗaya ba ta kwanta ba.

Ana roƙon masu shirin cewa ai dama ta tsufa su riƙe maganarsu. An sani. An sha jin haka daga bakin Yaya, wan Auta mai shagon, tun marigayiya tana da ranta.

Marigayiya ta shigo gidan ne a cikin jakar Gwaggo, a nannaɗe da tsohon ɗankwali, ranar da Auta ta gama karatun awon ƙasa. Ba sabuwa ba ce ko a lokacin, gefenta ɗaya ya riga ya goge. Gwaggo ta miƙa ta, ta ce tunda yanzu za a riƙa tura 'yar ɗan'uwanta filaye da duwatsu, to ta riƙa ɗauko musu duniya su ma su gani. Kowa ya ɗauka haka za a yi. Auta ta shafe shekaru tana koyon kafa na'ura a kan ƙafafu uku, ta rufe ido ɗaya, ta hango sanda can ƙarshen fili, ta faɗi nisa da gangare ba tare da ta taka wurin ba. Ta fito da sakamakon da Inna ta sa aka yi wa gilashi aka rataye a falo. Sai aiki ya ƙi zuwa. Ta je inda ake zuwa, ta jira inda ake jira, aka ce mata za a neme ta. Da jiran ya yi tsawo, Yaya ya ce zaman gida bai dace da mai ilimi ba, ta zo shagonsa ta kama masa kafin Allah ya kawo nata. Wannan kafin ɗin ne ake ciki har yau.

Wanda bai san shagon ba ya kamata ya san ɗaki biyu ne. Na gaba yana da ƙofa a bakin titi, da kanta, da teburin Yaya, da iska. Na baya shi ne ɗakin inji: injin kwafi, firinta, kwamfuta, kwalayen takarda har rufi, da doguwar fitila mai ƙugi. Babu taga. Abin da ke akwai sai wani rami a bango, sama da kan mutum kaɗan, inda aka taɓa zura bututun wata na'urar sanyaya ɗaki da aka sayar tun Baba yana raye. An cusa masa tsumma saboda ɓeraye. A wannan ɗakin aka fara ajiye Auta. Inji yana hura mata zafi kamar mai zazzaɓi, haske yana kai da komo a ƙarƙashin murfi, ita kuma tana jera takardun shaidar karatun wasu masu neman aiki, tana karanta sakamakonsu ba da niyya ba, tana ganin da yawa bai kai nata ba.

Marigayiya ce ta fito da ita. Wata rana wata mata ta leƙo tana tambaya ko ana hoton fasfo. Yaya ya buɗe baki zai tura ta gaba, sai murya ta fito daga ɗakin inji ta ce ana yi. Washegari tsohon farin zanen gadon Inna ya hau ƙusa a kusurwar da ke kusa da ƙofa, aka jawo kujera gabansa. Daga nan aiki ya fara kiran Auta waje. Makarantar yara ta ce a zo a ɗauki kowane aji. Kafinta yana son hoton gadajensa. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da su yana son a ɗauki rigunansa kafin masu su su karɓe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalili ne na rataya igiyar kyamara a wuya a fita titi ba tare da an tsaya yin bayani ba. Yaya bai hana ba, amma ya gindaya sharaɗi, a gaban Inna kuwa, don kada a ce bai faɗa ba.

"Muddin tana fitar da hoto, kusurwa taki ce. Ranar da ta mutu ba zan sayi wata ba, wayata ta ishe mu. Sai ki koma wa inji."

Yaya mutum ne mai cika magana. Wannan ne halinsa mafi kyau, shi ne kuma mafi nauyi.

Game da halayen marigayiya, duk wanda ya zauna da ita zai shaida ba ta da yawan magana. Idan aka tashe ta sai ta ce "tirrr", ta turo babban idonta gaba. Idan ta gane fuskar mutum sai ta ce "ɗit-ɗit". Idan ta gama da shi sai ta ce "ƙyas". Ba a taɓa jin ta ƙara a kan wannan ba. Ba ta taɓa katse aiki don wani ya kira ta ba, ba kamar wasu da ke cikin aljihun wasu ba.

An halicce ta da hanya biyu da mai ita zai ga abin da take gani. Akwai allo a bayanta, mai haske, mai launi, abin so ga kowa. Akwai kuma wata 'yar kafar leƙe a samansa, gilashin da bai fi ƙwayar wake ba, wadda a zamanin lafiya ba wanda ya san da zamanta. Ita kanta Auta ba ta taɓa kai ido wurin ba. Da allo take aiki, ta miƙe hannu biyu can gaba kamar wadda aka ba jariri ya jiƙe. Ba za a ci amanar allon nan ba don ya riga kowa tafiya. Bai taɓa ƙarya ba, abin da ya nuna shi ke fita a takarda. Da shi ake ɗaga kyamara sama da kan taro, da shi ake sauke ta har ƙasa a ɗauki yaro mai rarrafe. Amma allo ba shi da sirri. Da zarar ya haska, sai Auta ta ji numfashin Yaya a ƙeyarta yana cewa ta ɗan matsa, ta ɗan karkata. Mai hoto, wato wanda ya zo a ɗauke shi, ya taso daga kujera ya ce mu gani, ya ga hancinsa, ya ce a goge a sake, kamar hancin zai canza kafin ya koma ya zauna. 'Yan rakiyarsa ma su ba da shawara. A cikin rana kuwa allon yakan koma madubi, ba abin da Auta ke gani sai fuskarta a yamutse tana neman yaran da aka jera mata.

Ciwo ya fara ne da wani baƙin ɗigo a kusurwar allo, bayan an ɗora kwalin takarda a kan jakar marigayiya. Har yau ba a san wanda ya ɗora ba. Mutum biyu ne dai a shagon. Ɗigon ya bazu kamar tawada a aljihu, ya ci rabin allo, ya ci saura, aka wayi gari babu komai sai duhu da wani siririn layi shuɗi. Aka kai ta wurin likitanta, mai gyaran wayoyi na ƙarƙashin bene. Ya juya ta, ya haska ta, ya ce irin wannan allon an daina haihuwarsa, a bar baiwar Allah ta huta.

Labari ya iske Yaya a shago. Ya tashi ya nufi ƙusa zai sauke farin ƙyalle. Auta ta danna maɓalli. Marigayiya ta ce "tirrr". Karo na farko a zamansu, Auta ta manna ta a fuska, ta rufe idon hagu, ta leƙa ta kafa. Ga Yaya can ciki, ɗan ƙarami, hannu a kan ƙusa. "Ƙyas." Ta cire katin, ta shiga ɗakin inji, ta fito da takarda ta ajiye a kan teburinsa. Hoton ya yi kyau ƙwarai daga gira zuwa ƙasa. Daga gira zuwa sama babu Yaya.

"Wannan ne hoton? Ina kaina?"

"Cewa ka yi muddin tana fitarwa, Yaya. Ga shi ta fitar."

Aka kai ƙara wurin Inna. Inna ta daɗe tana kallon takardar, ta ce ai ta gane ɗanta, ga bakinsa nan a ture kamar kullum. Ƙyalle ya zauna a ƙusarsa.

Daga nan aka shiga zamanin da ya kamata a tuna marigayiya da shi. Auta ba ta buƙaci kowa ya yi mata bayanin abin da ya cinye kan Yaya ba, a makaranta an koya mata. Kafar leƙe tana sama, babban ido yana ƙasa da ita ta gefe. Idanu biyu da ba wuri ɗaya suke zaune ba, ba za su ga abin da ke kusa a wuri ɗaya ba. Sai ta kifa bokiti a kan sandar goge-goge, ta jingina a kujera, ta yi ta ɗaukarsa tana kai wa kwamfuta, har ta gane gwargwadon sararin da za ta riƙa bari a saman kai, da ɗan karkatar da za ta yi. Bokitin nan ya sha hoto fiye da kowane mahaluƙi a layin. Bayan shi ba a sake yanke kan kowa ba, sai wani dogon malamin makaranta da ya miƙe wuya a daidai lokacin da bai kamata ba.

Sauran wahalar ba ta da magani sai haƙuri. Duk saitin kyamara a allo yake, allo kuma ya tafi. Auta ta koma lalube da ƙwaƙwalwa, tana tuna danna nawa ke kunna fitila, danna nawa ke kashe ta. Wata rana yatsa ya zame, marigayiya ta shiga halin jinkiri: a danna, ta tsaya tana "ɗit, ɗit, ɗit" kamar mai tunanin ko ta yi ko ta fasa, sannan ta ce "ƙyas". Kafin a lalubo hanyar fita daga wannan hali, mutane da yawa sun riƙe murmushi har kumatunsu suka yi tsami. Auta ta gaya musu haka ake yi don fuska ta natsu, suka kuwa yarda. Ƙarfin batir ma ta daina ganinsa, sai dai ta saurara: idan "tirrr" ya fara ja da ƙafa, lokacin canji ya yi. Mafi tsanani shi ne ba ta sanin abin da ta ɗauka sai ta kai katin ɗakin inji. Kowane aiki sai ta ratsa gaban teburin Yaya da katin a dunƙule a hannu, tana jin idonsa a bayanta, ta san aiki ɗaya ya lalace gaba ɗaya shi ke nan. Ba ta taɓa sauri a wannan tafiya ba. Ba ta taɓa waiwaye ba.

An yi asarar wasu masu hoto, wannan gaskiya ne. Wanda ya ce mu gani aka ce masa ya jira takarda, wani yakan jira, wani yakan koma wurin Yaya, wanda dama wayarsa tana kan tebur a goge. Amma wani tsohon direba da ke zuwa a kai a kai ya ce shi ya ji daɗi, an daina nuna masa abin da shekaru suka yi masa kafin ya shirya. Mai ɗinki kuwa, ganin ta kullum da ido ɗaya a matse, da maiƙon hancinta a kan mataccen allo, shi ya raɗa mata Ido Ɗaya. Ta karɓi sunan, ta ce ya fi a kira ta da ba a kira ta ba.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba sai yanzu da ake lissafin alheran mamaciya shi ne wannan. Kafar leƙe ɗaki ce mai cin ido ɗaya tak. Ba mai iya tsayawa a bayanka a cikinta. Auta tana kwana ɗaki ɗaya da Inna da keken ɗinkin Inna. Tana wuni a shagon da ba nata ba. Takardar karatunta ma a falon kowa take rataye. Amma idan ta manna marigayiya a fuska, ta matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ta riƙe numfashi kamar yadda aka koya mata a fili, sai titi ya ja baya, muryar Yaya ta ja baya. Abin da ta gani a nan nata ne ita kaɗai, har sai ta ga damar bugawa. Tsakar rana ta daina ba ta tsoro. Mafi kyawun hotunan yaran makaranta a wannan zamanin aka yi su, hannu ba ya rawa, kowa da kansa a wuyansa.

Ciwon ajali ya zo ta babban ido. Ya fara nauyin fita. "Tirrr" ya koma "tir... tir...". Auta takan ɗumama ta a tafin hannu, ta ɗan bubbuga ta, wani lokaci ta taimaka wa idon da farce. Ta daina kashe ta tsakanin mai hoto da mai hoto, don kada ta rufe ido ta kasa buɗewa. Da safe kuwa, lokacin tashin farko, sai Auta ta yi tari mai ƙarfi ya rufe nishin. Tarin ya yi yawa har Yaya ya kai maganar gida, Inna ta dafa mata wani abu mai ɗaci ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Ta sha, kullum, ba ta ɓata fuska ba.

Ranar da abin ya faru, wata budurwa ce ta shigo da sauri tana son hoton katin aiki. Tun kafin ta zauna ta ba da labari: an ɗauke ta a wani kamfani mai shimfiɗa hanya can nesa, za ta riƙa bin masu awo tana riƙe musu sanda, ba ta ma san yadda ake yi ba amma an ce za a koya mata. Auta ta taya ta murna, ta ce ta ɗaga haɓa. Ta kai marigayiya fuska, ta yi tari, ta danna. Marigayiya ta ce "tir", ta turo ido rabi, ta ce "ƙaƙ". Ba ta sake cewa komai ba.

Auta ba ta sauke ta ba. Kafar leƙe ba ta cin batir, ba ta san an mutu ba. Ga budurwar nan a ciki tar, haɓa a sama, sarari daidai a saman kanta. Auta ta danna. Ta sake dannawa. Murmushin budurwar ya fara gajiya. A nan dole a yi wa Yaya adalci: ya jira. Ya jira fiye da yadda aka san shi da jira. Sannan ya ture kujera, ya goga waya a gaban rigarsa.

"Baiwar Allah, dubo nan."

Ya ɗauka, ya juya mata allo, ta ce ya yi kyau. Auta ta sauke marigayiya, ta je ta gyara wa budurwar wuyan riga da ya lanƙwashe, ta ce wa Yaya ya sake, don ba a kai katin aiki da wuyan riga a karkace. Daga nan ta wuce ɗakin inji da ƙafarta. A rubuta, a kuma tuna: ba wanda ya tura ta.

Likita ya tabbatar da rasuwar da yamma.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai lafiya, da batir biyu, ɗaya ya kumbura saboda baƙin ciki. Ta bar igiyar wuya da gumi ya rina. Ta bar kati cike da fuskokin mutanen da yawancinsu sun yi tafiyar da suka yi hoton dominta, da bokiti iri-iri, da rabin Yaya. Ta bar farin ƙyalle da kujerar ƙarfe, waɗanda tun kafin gawa ta huce suka koma yi wa waya aiki, ba a kuma riƙe su a zuci ba. Ta bar Gwaggo, wadda ba a sanar da ita ba tukuna, domin za ta tambayi ina duniyar da aka ce za a ɗauko mata. Ta bar Auta.

Ana godiya ga Inna da ta ce a yi haƙuri, ta kuma daina dafa maganin tari. Ana godiya ga Yaya da ya yi alkawarin sa fanka a ɗakin inji. An karɓi fankar. Ba a karɓi bayanin da ya biyo bayanta ba. Likita ya nemi a ba shi gawar ya ciri abin da zai amfani wasu marasa lafiya, an ba shi haƙuri. Mai ɗinki ya kawo ƙyalle mai kyau na naɗewa, an gode, amma ba za a rufe mata fuska ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Gobe da safe, bayan an buɗe shago, kafin inji ya yi zafi, za a zare tsumman da ke cikin ramin bangon ɗakin baya, a sa marigayiya a madadinsa, fuskarta waje, bayanta ciki, a liƙe gefe da gefe. An auna ramin, wadda ta auna kuma ta san awo. Yaya ya amince, domin ɓera ya riga ya cinye rabin tsumman, ƙarfe kuwa ya fi ƙarfin haƙorinsa. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara. Kwalin takarda ɗaya ya isa, wanda za a bari a gindin bangon don takawa.

An riga an gwada makwancin. Idan aka hau kwalin aka kai ido kafar, ana ganin rufin kwanon maƙwabta, da layin baya yadda ya gangara, da can ƙarshensa inda ya haɗu da babban titi, inda manyan motoci ke karya kwana su miƙe. Auta ta san halin kafar nan fiye da kowa. Abin da ke kusa kawai take kuskurewa. Abin da ke nesa, inda ta nuna shi, can yake.

Masu ta'aziyya su tsaya a ɗakin gaba, Yaya zai karɓe su. Mai takardar da za a kwafa ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin baya. Idan ya ji inji ya yi shiru, an kuma jinkirta buɗewa, ya ɗan dakata, ana ziyarar kabari ne. Kada kowa ya ce mu gani. Wurin ido ɗaya ne, kuma da mai shi.